Katin Dogo a Gurbin Ƙasa

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba tunda na fara kwance kwamfuta, kuma na yi shi ina murmushi.

Dogo mai hoto ya kawo kayan sabon injinsa in haɗa masa. Ya samu babban aiki, fim ɗin wata ƙungiya, irin wanda yake ta mafarki tun muna samari, kuma tsakiyar wata za a karɓa. Komai ya sayo sabo fil: bod, wato babban allon da ake soka komai a jikinsa, furosesa, ƙwaƙwalwar injin, wata ƙatuwar fanka, da katin hoto mai nauyin bulo. Ya jawo kujera ya zauna a kaina, wai yana so ya ga "hannun nan" yana aiki. Haka yake gaya wa kowa a layinmu, hannun Injiniya ba ya kuskure.

Komai ya tafi daidai har na zo kan katin. Gurbin sama, wanda shi ne mazauninsa, yana manne da fankar, da ƙyar yatsa zai ratsa tsakaninsu. Na saita haƙoran katin a bakin gurbin, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas. Hannun dama ne, ya fara abin nasa. Na janye, na yi kamar ina share gumi, na sake gwadawa. Ƙas-ƙas. Dogo ya miƙo wuya.

Sai na ji bakina yana cewa, "Bari mu sa shi a na ƙasa, ya fi shan iska." A ƙasa akwai fili. Na dafa da hannu biyu, na danna da nauyin jikina, ya shige. Dogo ya ce, "Ka gani ko? Wani ba zai taɓa lura da wannan ba." Ya rungumi injinsa ya tafi yana ta godiya.

Shan iska. Allah ya shirye ni.

An daɗe hannun yana min haka, ban gaya wa kowa ba, ko a littafin nan ban taɓa rubutawa ba. Ranar da aka ji a layin nan cewa hannun Injiniya na rawa, ranar zan sa wa shago kwaɗo. Wa zai miƙa wa mai karkarwa injinsa?

Laraba, 3 ga Satumba

Abin ya ƙi barin raina. Bari in rubuta shi dalla-dalla yadda nake wa masu saye bayani, ko na ji yadda ƙaryar tawa take a kunne.

A injinan da na koyi aiki a kansu, duk katin da ka soka, hanya ɗaya suke bi zuwa furosesa. Wannan ya wuce, wancan ya jira. A na yanzu, tsarin da ake ce wa PCIe, kowane gurbi da layukansa. Layi ɗaya wayoyi ne siraran gaske a jikin bod, biyu na kaiwa, biyu na kawowa, ba mai jiran wani. Ƙaramin kati, kamar na sauti ko na intanet, layi ɗaya ya ishe shi, shi ya sa gurbinsa guntu ne. Katin hoto kuwa mai ci ne, sha shida yake so.

Gurbin sama a bod ɗin Dogo layi sha shida ne cif, kuma kai tsaye suke zuwa furosesa. Na ƙasa, a ido tsawonsu ɗaya. Amma haska tocila ciki ka gani: haƙoran ƙarfen ba su wuce kwata ba, sauran duk roba ce ho. Layi huɗu. Su huɗun ma ba kai tsaye suke tafiya ba, sai sun biya ta wani ɗan guntun lantarki a jikin bod da ke tattara zirga-zirgar faifan ajiya da kafofin filasha da intanet, sannan duk su matsu ta ƙofa ɗaya.

Abin da ya fi ci min rai, injin ba ya kai ƙara. Da an kunna, kati da bod sai su daidaita tsakaninsu, layi nawa gare ka, huɗu, to mu je a haka. Hoto ya fito tas, fanka na juyawa, mai injin na murna. Da ma ƙin tashi ya yi, da tun ranar an gama.

Ni ne fa nake zagin masu yin wannan aikin. Ni.

Alhamis, 4 ga Satumba

Maman yara ta sake kawo min shayi rabin kofi. Na ce rowa ce ta zo da tsufa? Ta ce haka ya fi saurin hucewa, ta koma kan keken ɗinkinta.

Asabar, 6 ga Satumba

Dogo ya bugo. Wai in yana yanka fim, hoton sai ya riƙa tsayawa yana fizga, musamman in yana jawo aiki daga faifan da yake jonawa ta waje. To mana. Su duka ƙofa ɗaya suke bi.

Na ce ya sabunta direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi. Ya ce ya yi. Na ce ya sake. Har da gyaran murya irin ta masana.

Da na ajiye wayar sai da na leƙa waje ko wani ya ji ni. Ba kowa sai mai gyaran agogo na kusa da ni, kansa sunkuye, yana ɗaukar wani abu da ba ya ganuwa da ɗan hantsaki. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Na tsaya ina kallon yatsunsa har na ji haushinsa, bawan Allah bai san ina yi ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Ya kawo injin. Idonsa ja, ya ce aikin da ya kamata ya gama kafin azahar yana kai shi la'asar, mutanen ƙungiyar kuma sun fara tambaya.

Na jona, na buɗe manhajar da ke nuna lafiyar kati. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a kusurwa: yana iya sha shida, yana aiki da huɗu. Na rufe da sauri kamar an kama ni da hoton da bai dace ba. Dogo bai ma san me zai duba ba, amma kunnuwana sun yi zafi.

Gyaran bai fi a cire a mayar sama ba. Ina da niyya, wallahi ina da niyya. Na ce ya bar min shi zuwa gobe, don in yi ba idon kowa. Ya ce ina, ko awa ɗaya ba zai iya rabuwa da shi ba, in yi a gabansa. Hannun yana cikin aljihu yana ta bugun cinyata.

Na ce, "Ka san kayan yanzu, sai a hankali."

Sai ya ce, "Kana nufin katin ne?"

Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba. Na ɗaga kafaɗa kawai, kuma na san abin da ɗaga kafaɗata ke nufi a layin nan.

Talata, 9 ga Satumba

Wata mata ta kawo laftof, allon rubutu kawai za a sauya. Ƙananan sukurori ne kamar ƙwayar gero. Na ce ba ni da kayan. Suna cikin durowa ta biyu.

Ta uku ke nan da na kora a watan nan, ko ta huɗu, na daina lissafi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Inna lillahi. Dogo ya je kantin da ya sayi katin ya yi tijara. Mai gyaran agogo ne ya ba ni labari, wai har mutane sun taru. Ya ce wa Mai Kanti macuci, mai sayar da gwanjo a kwalin sabo, kuma ya ce Injiniya da kansa ya tabbatar.

Injiniya da kansa.

Mai Kanti mutum ne da ban taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba. In na je sayen kaya shi ke tashi ya ba ni kujerarsa, yana ce min Baba. An ce bai rama ba, cewa kawai ya yi a kawo katin ranar Litinin ya sa a injinsa a gaban kowa, in ya nuna matsala ya karɓi abinsa. Zai sa shi a gurbin sama, kamar kowane mai hankali. Zai nuna sha shida. Daga nan tambaya ɗaya ce ta rage, wa ya haɗa wa Dogo injin.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abincin rana ba, ko kuma ba shi kaɗai ba. An ci mutuncin mutum a bakin kantinsa saboda kafaɗata.

Na kira Dogo na ce ya kawo min injin gobe da yamma, ya bar shi ya kwana, ba musu. Muryar da na yi masa ta sa ya ce to.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na tura ƙofar shago rabi, na kunna fitilar tebur.

Kafin kati ya fita sai an danna 'yar sakatar roba da ke ƙarshen gurbi, ita kuma tana ɓoye ƙarƙashin cikin katin. Da yatsa nake yi a da, ko kallo ba na yi. Yau yatsan ya je, ya taɓa, ya zame, ya taɓa, ya zame. Sai na ɗauko sukundireba, abin da na sha hana mutane. Na riƙe wuyan hannun da na hagu, na ja numfashi, na danna.

Ya kuɓuce. Na ji ƙiiit a jikin bod.

Na daɗe a zaune ban duba ba. Da na haska, ga karce nan fari, siriri, ya wuce ta gefen wayoyin layukan gurbin sama, saura ƙiris. Da ya ɗan karkata, da na yanke hanyar da nake ƙoƙarin mayar da shi kanta. Na kunna, ya tashi. Na yi hamdala. Shekara da shekaru ina wannan aiki, yau ga ni ina gode wa Allah don ban kashe injin abokina ba.

Na ɗora shi a mota na kawo gida. Ban san me zan yi da shi a gida ba. Na ce wa Maman yara aiki ne ya yi yawa.

Asabar, 13 ga Satumba

Bari in rubuta wannan tun ban fara gyara shi a raina ba.

Da hantsi na buɗe injin a kan teburin falo, kusa da taga. Maman yara tana can gefe a kan keken ɗinki, tana haɗa rigar wata. Na jera kayan aiki. Na sake jera su. Na goge tabarau. Keken na ta ƙara, can sai na ji ya tsaya.

Ta ce, "Malam, nuna min inda ake dannawa."

Na ce wane dannawa, wannan ba zani ba ne, ta ji da ɗinkinta. Na faɗa da zafi, har da cewa tun yaushe tela ya zama injiniya.

Ta taso, ta jawo kujera, ta zauna. Ta kama bakin rigata ta ce in dubi maɓallan. Na duba. Manya ne, irin na kwat. Ta ce duk rigunana haka suke yanzu, ɗaya bayan ɗaya ta sauya su, ta faɗaɗa ramukan, ni kuwa har yabon kaina nake wai na fi saurin shiryawa. Ta ce shayin ma ba rowa ba ce.

Ban san inda zan sa fuskata ba. Ina ta ɓoye hannu a aljihu kamar ɓarawo, ashe a gidana an daɗe da gani, har an yi min gyara an rufa min asiri daga ni kaina. Na ce tun yaushe. Ta ce, "Tun ranar da ka ce cokali ne ya lanƙwashe."

Na ce me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce, "Kai ka yi?"

Daga nan ban ƙara musu ba. Na sa ta cire awarwaro, ta taɓa ƙarfen akwatin don wutar jiki ta sauka. Na kwance sukurorin baya da kaina, su manya ne, ina iyawa. Na nuna mata sakatar da tocila, tocilar na rawa, ta karɓe ta ta riƙe a hannun hagu. Ta zura yatsa, ƙyas, katin ya saki. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba. Na ji kamar in yi kuka, na ji kuma kamar in yi faɗa.

Ta leƙa gurbin da ya fito ta ce, "Ai wannan haƙoransa ba su kai ƙarshe ba. Kamar zik ɗin da aka ɗinka rabi." Na ce haka ne. Ta ce to me ya kai shi nan? Na ce iska. Ta dube ni ta saman tabarau, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na sama ya fi wuya. Na ce ta fara saita ƙarfen baya, ta duba yankan da ke tsakanin haƙoran ya hau kan ɗan tudun da ke cikin gurbi, kada ta karkata, kada ta goga bayan katin a fanka. Ta ce in daina numfashi a wuyanta. Na ce ta danna gaba da baya lokaci ɗaya. Ta ce tana tsoron karyawa. Na ce danna, zai gaya miki. Ta danna. Sakatar ta rufe da kanta, ƙas, sau ɗaya tak, irin ƙarar da na yi kewa.

Na jona wuta, na kunna, na buɗe manhajar. Sha shida. Na nuna mata lambar, ta ce, "To madalla," ta mayar da awarwaronta ta koma kan rigar mutane.

Lahadi, 14 ga Satumba

Jiya da yamma Dogo ya zo. Ya jona faifansa a nan falo, ya ja fim ɗin gaba, ya ja baya, sumul. Ya yi ihu har Maman yara ta leƙo.

Na ce katin ba shi da laifi, gurbi ne, kuma ni na sa shi a inda bai dace ba. Na ce ranar Litinin tare za mu je wurin Mai Kanti. Ya yi dariya ya ce, "Kai ma kana kuskure? Ai sai a rubuta." Ya kamo hannuna da nasa biyu yana girgizawa, yana cewa hannun nan dai, hannun nan dai. Da yake shi ke girgizawa, bai ji komai ba.

Ita tana tsaye a bakin ƙofa da tire. Na buɗe baki, na rufe. Ta ajiye ruwan ta fita.

Rabin gaskiya na faɗa. Layi huɗu.

Litinin, 15 ga Satumba

Mun je. Dogo ya ba da haƙuri da ƙarfi yadda ya yi zagin da ƙarfi, wannan halinsa ne mai kyau. Ni na ce laifin haɗawa ne, a gaban duk wanda ke wurin. Mai Kanti ya ce, "Haba Baba, ya wuce," ya tashi ya ba ni kujerarsa. Wannan kujerar ta fi komai zafi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ba wani labari. Dogo ya miƙa aikinsa, sun karɓa, har sun yi masa maganar wani.

Na kai wata tsohuwar kujera mai gajeren baya shago, don a gida tare hanya kawai take yi. Na ajiye ta gefen teburin aiki, nan ne kawai ke da wuri. Maman yara takan biyo da abincin rana yanzu, tunda hanyar mai sayar mata da zare ce. In ta tarar da abu a buɗe takan ɗan sa hannu kafin ta wuce. Matar nan mai laftof na aika mata cewa kaya sun samu. Da ta kawo, ta tsaya tana kallon Maman yara tana ɗaura sukurorin, na ce ni ke dubawa, ita ke ɗaurawa, haka muke yi a nan. Ta ce to. Shi ke nan abin da ta ce, to. Ban san me na zaci za ta ce ba.

Akwai maganar ganin likita ranar Talata. Maman yara ce ta matsa, ni don a zauna lafiya ne.

Dogo ya shigo bayan azahar muna cin abinci, ya zauna a kan kwali yana ta zuba. Da Maman yara ta zo zuba shayi daga filas na ce ta cika min, na gaji da rabi. Ta dube ni, ta cika. Kafin ya kai baki ya fantsala a wandona, kofin na ta ƙara a jikin haƙorina. Dogo ya tsaya da maganarsa. Ya dubi hannun, ya dubi kujerar, ya dube ta. Sannan ya tura min tsumman goge tebur da ƙafa, ya ci gaba da labarinsa daga inda ya tsaya.

Ban mayar da hannun aljihu ba. Aljihun ya jiƙe, shi ya sa.